Takardun Kakanninmu Suna Legon, Wa Zai Karanta Su?



Duk lokacin da Jami'ar Gana da ke Legon ta yi bikin yaye ɗalibai, shafukanmu sukan cika da hotuna. Ga 'yar Nima da hular digiri a kan mayafinta, ga ɗan Madina ya gama karatun shari'a, ga wani daga Aboabo ya zama likita. Muna taya su murna, kuma murnar ta cancanta, domin iyayenmu da dama sun rayu sun mutu ba su taɓa taka harabar jami'a ba. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba. Cikin waɗannan 'ya'ya namu da suka shekara huɗu a kan tudun Legon, mutum nawa ne ya taɓa shiga Cibiyar Nazarin Afirka ya ce a nuna masa takardun Larabci da ajami da aka tattaro daga gidajen malamanmu? Mutum nawa ne ma ya san suna nan?

Ra'ayinmu a nan shi ne, harshen Hausa da rubutunsa sun cancanci mazauni na dindindin a babbar jami'ar ƙasar nan, da malami mai albashi, da aji, da ɗalibai masu bincike. Kuma wannan mazauni ba zai samu da ƙorafi ba. Jami'a tana da hanyoyin da take bi kafin ta buɗe wa wani fanni ƙofa, kuma mafi yawan abin da ake bukata a wannan hanya yana hannunmu.

Bari mu fara da abin da ke ajiye. An kafa kwalejin da ta zama Jami'ar Gana a 1948, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, kuma a wannan shekarar aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka. A watan Oktoba na 1963 Kwame Nkrumah ya buɗe cibiyar da kansa. A jawabinsa na ranar ya bukaci a yi nazarin tarihin Afirka da idon 'yan Afirka, ya kuma yaba da aikin tattara takardun Larabci da Hausa da cibiyar ta riga ta fara, domin sun nuna cewa ƙasar nan tana da tsohuwar al'adar ilimi da rubutu wadda ba a san da ita sosai ba. Daraktan cibiyar na lokacin, Thomas Hodgkin, da masanin tarihi Ivor Wilks su ne suka jagoranci aikin, amma wanda ya sha ƙurar hanya shi ne Alhaji Usman Isyaku Boyo. Shi ne ya riƙa bin garuruwa yana sallama a zaurukan malamai, yana roƙon a ara masa littattafai, a kai Legon a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. Ta haka aka tara ɗaruruwan takardu: tarihin garuruwa da sarakuna, jerin sunayen limamai, wasiƙu, waƙoƙi, salsalar malamai da almajiransu. Malaman da suka buɗe akwatunansu sun yi haka ne bisa amana, suna fatan abin da suka gada ba zai ɓata ba.

Wanda sunansa ya fi fitowa a cikin waɗannan takardu shi ne Alhaji Umaru na Kete-Karachi. An haife shi a Kano a 1858, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya bi hanyar fataken goro zuwa Gwanja, ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, sannan ya koma Kete-Karachi inda ya yi limanci da koyarwa har rasuwarsa a 1934. Ya rubuta littafin koyar da rubuta wasiƙa da Larabci tun yana saurayi. Ya yi waƙoƙi kan zuwan Nasara, ya yi waƙa kan talauci da wadata wadda har yau duk wanda ya ji ta zai ga kamar jiya aka yi ta. Ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu tsawo da ajami kan tarihin ƙasashen Hausa, da sana'o'i, da kasuwanci, da zamantakewa. Almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan, kuma da yawa daga cikin makarantun da muka yi karatu a cikinsu, idan aka bi salsalarsu, a wurinsa za a tsaya. Tsohon garin da ya zauna a ciki ruwan tafkin Volta ya cinye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Abin da ya rage mana daga gare shi shi ne rubutunsa da ɗalibansa. Ban da shi akwai Malam Alhasan da ya rubuta labarin Salaga, akwai Malam Abu da ya rubuta da Hausa labarin Zabarmawa da Babatu da Samori a arewacin ƙasar nan.

To, su wa suka karanta waɗannan takardu suka fitar da su ga duniya? Douglas Ferguson ya yi digirinsa na uku a Amurka a 1973 a kan bayanan Alhaji Umaru. Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warsaw a ƙasar Foland ya buga labarin Malam Abu a 1992, ya kuma buga rubutun zube na Alhaji Umaru a 2000. John Hunwick, wanda ya koyar a Legon kafin ya koma Jami'ar Northwestern, ya jera sunayen marubutan yankinmu da ayyukansu a kundinsa na adabin Larabci na Afirka, kuma akwai kwafin takardun Legon a ɗakin karatu na waccan jami'a. Haka abin yake a fannin zamantakewa. Enid Schildkrout ta rubuta littafi kan zangon Kumasi a 1978, Paul Lovejoy ya rubuta kan fataucin goro a 1980, Deborah Pellow ta rubuta kan Sabon Zango na Akra. Waɗannan mutane sun yi aiki na gaske, sun koyi harshenmu, sun zauna a tabarmar dattawanmu, kuma ba don su ba da abubuwa da yawa sun salwanta. Babu abin da ya dace da su sai godiya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai tambayoyin da baƙo ba zai yi ba domin ba su dame shi ba, akwai kuma karin magana da habaici a cikin waƙa da ba zai ji zafinsu ba sai wanda aka yi masa goyo da harshen. Abin kunya ne a ce jikan wanda ya rubuta takarda sai ya nemo fassarar Turanci da aka buga a Berlin kafin ya san abin da kakansa ya ce.

Wanda ya san harabar Legon ya san Hausa ba baƙuwa ba ce a can. Da sassafe ɗalibai na layin koko da ƙosai. Da rana ana cin wake da shinkafa da tuwon zafi a Bush Canteen, da dare hayaƙin tsire na tashi a Night Market. Ana jin Hausa a bakin masu gadi, da direbobin tasi, da masu sayar da abinci, da ɗaliban da suka fito daga masallaci bayan Juma'a, ciki har da Dagombawa da Kotokoli da Busanga da Mosawa waɗanda Hausa ce ta haɗa su. Kalmomi irin su wahala da gaskiya da kaya da banza sun shiga bakin kowa a ƙasar nan. Harshen yana ciyar da jami'ar, yana gadinta, yana kai ta yana kawo ta. Inda bai kai ba shi ne allon aji. Jami'ar tana koyar da Larabci da Sifaniyanci da Rashanci da Sinanci da Kiswahili da Faransanci. Kiswahili, harshen gabashin Afirka, ya samu gurbi a Legon tun zamanin Nkrumah, kuma mun yi farin ciki da haka. Amma idan akwai wurin harshen da ake magana da shi a Darussalam da Mombasa, yaya za a rasa wurin wanda ake magana da shi a Madina, 'yar tafiya kaɗan daga ƙofar jami'ar?

Amsar da aka saba ba mu ita ce Hausa ba harshen asalin ƙasar Gana ba ne. Shi ya sa ba ta cikin jerin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu, irin su Twi da Fante da Ewe da Ga da Dangme da Nzema da Dagbanci da Dagare da Gwanjanci da Kasem. Ba mu musanta cewa tushen Hausa yana arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ba, kuma ba mu neman a cire harshen kowa a sa namu. Amma mu dubi tarihi. Fataken Hausa suna cin kasuwar Salaga tun kafin Turawan Ingila su ci Asante. Hausa ce harshen bariki tun zamanin dakarun da aka kira Hausawan Glover a yaƙin 1874. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da Hausa tare da sauran manyan harsuna. Duk lokacin zaɓe 'yan siyasa sukan nemi mai fassara musu da Hausa idan sun shigo zango. Harshen da aka yi ciniki da shi, aka yi aikin soja da shi, aka rubuta tarihin Gwanja da Dagomba da shi, aka haifi zuriya bayan zuriya a cikinsa a wannan ƙasa, ya wuce a kira shi ɗan ci-rani. Mun san abin da kalmar baƙo ta jawo wa zanguna a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi, aka raba iyalai, aka bar gidaje da shaguna. Hanya mafi ƙarfi ta kashe wannan kalma ita ce hujja a rubuce, wadda jami'ar ƙasa ta tantance ta sa hatiminta, kuma hujjar tana cikin takardun da muke magana a kansu. Ban da haka, aikin jami'a shi ne nazarin abin da ke akwai. Ba a tambayi Rashanci takardar haihuwa ba kafin a ba shi aji.

Wasu daga cikinmu kuma sukan ce, ai ana koyar da Hausa har digiri na uku a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mai so ya tafi can. Gaskiya ne, kuma ya kamata wasu su tafi. Amma malamin Kano yana da nasa aikin a gabansa. Hausar da muke yi a nan ta bi tata hanya: ta zubar da bambancin namiji da mace a mafi yawan magana, ta aro kalmomi daga Twi da Ga da Turanci, ta sauya lafazin wasu haruffa. Wasu suna yi mana dariya a kan haka, mu ma wani lokaci muna jin nauyin buɗe baki a gaban Bakano. Masanin harshe kuwa ba dariya zai yi ba, zai ga abin nazari: yadda harshe yake rayuwa idan ya zama gadar da ƙabilu da yawa suke takawa. Ba za a yi wannan bincike daga nesa ba. Dole a yi shi a Nima da Fadama da Asawase, a bakin tsofaffin da suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma maganar da iyaye suke yi, wadda ba za mu raina ba: wane aiki yaro zai samu da digirin Hausa? Wanda ya sayar da goro ko ya tuƙa mota ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya tambaya. Amsarmu ita ce ba muna cewa kowane yaro ya bar likitanci ya koma nazarin ajami ba. Cikin ɗari, biyu ko uku sun isa. Kuma a Legon ɗalibin sashen adabi da zamantakewa yakan haɗa fanni fiye da ɗaya, don haka yana iya riƙe tarihi ko ilimin harsuna ko Larabci tare da wani fannin. Sannan kasuwar Hausa ba ƙarama ba ce. Gidajen rediyon Ingila da Jamus da Faransa suna da sassan Hausa. Asibitoci da kotuna da hukumomin lafiya suna bukatar masu fassara da suka ƙware. Kamfanonin kwamfuta suna neman waɗanda za su koya wa na'urorinsu harsunan Afirka. Idan ana koyar da Hausa a Warsaw da Hambug da Beijing, to ba don nishaɗi kaɗai ake yi ba.

Yanzu mu zo ga yadda jami'a take aiki, domin a nan ne muke yawan kuskuren lissafi. Shugaban jami'a ba ya tashi da safe ya ce a buɗe sabon fanni. Sai wani sashe ya rubuta manhaja, ta bi kwamitoci har zuwa majalisar malamai, sannan hukumar da ke kula da manyan makarantu ta ƙasa ta amince. Kafin a kai nan za a yi tambayoyi uku: wa zai koyar, wa zai koya, wa zai biya? Malamin jami'a a yau sai ya kasance da digiri na uku, kuma ba ya hawa daga lakcara zuwa babban lakcara zuwa farfesa sai da binciken da ya wallafa a mujallun da masana suke tantancewa. Su kansu malaman suna cikin matsi. Azuzuwa sun cika, kuɗin bincike kaɗan ne, kuma ƙungiyarsu ta sha shiga yajin aiki kan albashi da alawus ɗin littattafai da bincike, kamar yadda aka gani a farkon 2022 lokacin da karatu ya tsaya na makonni. Malamin da ke cikin wannan hali ba zai ɗauko wa kansa sabon kaya ba sai ya ga ɗalibai a ƙofarsa da tallafi a bayansa. Farfesa Nana Aba Appiah Amfo, wadda aka naɗa shugabar jami'ar a 2021, mace ta farko a wannan muƙami, masaniyar ilimin harsuna ce. Mutanen da suka san darajar harshe suna nan a jami'ar. Abin tambaya shi ne ko mun taɓa zuwa musu da takarda a hannu, da sunayen ɗalibai, da alƙawarin kuɗi.

Ga abin da muke gani za a iya yi, daga ƙarami zuwa babba.

Na farko yana wuyan ɗalibanmu da ke harabar yanzu. Duk mai rubuta kundin kammala digiri a tarihi, ko ilimin harsuna, ko nazarin addinai, ko ilimin zamantakewa, ko Larabci, yana da damar zaɓar batu daga gida. Takarda ɗaya daga cikin tarin cibiyar, a juye ta zuwa boko, a fassara, a yi mata sharhi, ta isa kundi. Ɗalibin zango yana da abin da abokan karatunsa ba su da shi: ya yi makarantar allo, ya san haruffan Larabci tun yana ƙarami, yana jin Hausa. Abin da Bature ya shekara biyar yana koyo, shi da shi ya tashi. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar za ta iya shirya ziyara zuwa cibiyar a farkon kowace shekara, sababbin ɗalibai su ga takardun da idonsu.

Na biyu, akwai ƙaramar ƙofa da ta fi sauƙin buɗewa. Kowane ɗalibin digiri na farko a Legon sai ya ɗauki darasin nazarin Afirka, kuma cikin zaɓin da ake bayarwa akwai koyon Dagbanci da Ewe da Ga da Twi. Neman a ƙara Hausa a wannan jeri ya fi neman cikakken sashe sauƙi, kuma ɗaliban aikin jinya da aikin jarida da aikin jin daɗin jama'a za su amfana da shi tun kafin namu. Idan ajin ya cika shekara bayan shekara, shi da kansa zai zama hujjar mataki na gaba.

Na uku yana wuyan masu hali da sarakunan zango. Muna da attajirai da suke gina masallatai suna kai mutane Makka, Allah ya saka musu. Ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ya yi digiri na biyu da na uku a kan rubutun malamanmu shi ma sadaka ce mai gudana, kuma kuɗinsa bai kai na hawa ɗaya na bene ba. Cibiyar Nazarin Afirka tana da kujerar farfesa mai sunan Kwame Nkrumah, wadda Farfesa Kofi Anyidoho ya fara zama a kanta. Me zai hana wata rana a samu kujera ko asusun bincike mai sunan Alhaji Umaru? An kafa Asusun Raya Zanguna da doka a 2017. Kwalbati da fitilun titi suna da amfani, amma ilimi ma raya zango ne, kuma wakilanmu suna da bakin faɗin haka.

Na huɗu yana wuyan gidajen malamai. Abin da Alhaji Boyo ya tattara ɗan kaɗan ne daga abin da ke cikin akwatuna da gafakoki a Kumasi da Yendi da Salaga da Kintampo. Gara da damina da gobara ba sa jiran kowa, kuma sau da yawa idan malami ya rasu, magada sukan raba littattafansa kamar yadda ake raba tufafi, ganye ya bi nan, ganye ya bi can. A yau wayar hannu tana ɗaukar hoton da ya fi na injin shekarun 1960 kyau. A ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta sunan mai littafin da garinsa, asali ya zauna a gida, kwafi ya tafi inda za a adana shi. Wanda yake tsoron kada a raba shi da gadonsa, wannan hanya ta kare shi.

Na biyar yana wuyan malamanmu na makaranta da 'yan bokonmu, su daina kallon juna a kaikaice. Farfesa yana da hanyar bincike, malamin zaure yana da karatun da ba a samu a Legon. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin shekarun 1960 ya yi nasara ne domin masanin jami'a da alhajin da ya san ƙofar kowane malami sun tafi tare.

Ranar 26 ga Agusta ta kowace shekara muna sa manyan riguna mu yi bikin Ranar Hausa, a yi kiɗa, a yi jawabi, a watse. Yana da kyau. Amma zai fi kyau idan a bikin baɗi aka tsayar da yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a gaban jama'a aka ce, ga wanda zango ya ɗauki nauyinsa ya je Legon ya karanta abin da kakanninmu suka rubuta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka rubuta, da waɗanda suka adana, ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Wanda yake da labarin wasu takardu a gidansu ko a unguwarsu, muna roƙon ya sanar da mu a wannan shafi.